Malam Aminu Kano (1920–1983) da Matsayin Jam'iyyar PRP a Jihar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar Malam Aminu Kano tun daga haihuwarsa a 1920 har zuwa rasuwarsa a 1983, tare da mayar da hankali kan jam'iyyun siyasa biyu da ya jagoranta, wato NEPU da PRP. Manufar ita ce a nuna yadda jam'iyyar da aka kafa da burin mulkin ƙasa baki ɗaya ta kasance, a aikace, jam'iyyar jiha guda. An gano cewa ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 shi ne ya buɗe wa magoya bayan Malam ƙofar mulki bayan shekaru masu yawa na adawa, kuma wannan mulki da suka samu a 1979 shi ne ya raba kansu gida biyu.

Fitilun Kalmomi: Aminu Kano, NEPU, PRP, talakawa, Santsi, Taɓo

1.0 Gabatarwa

Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 bai amince da jam'iyyar yanki ko ta jiha ba. Kafin hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyya rajista, sai ta nuna cewa tana da rassa a kashi biyu cikin uku na jihohi 19 da ake da su a lokacin. An yi haka ne domin kauce wa siyasar ɓangaranci da ta rusa Jamhuriya ta Farko. Duk da haka, sakamakon zaɓen 1979 ya nuna cewa kusan kowace jam'iyya tana da gidanta, kuma babu wadda gidanta ya fito fili kamar PRP. A takarda jam'iyyar ƙasa ce, amma ƙarfinta yana Kano, sai kuma wani sashe na tsohuwar Jihar Kaduna. Ba za a fahimci dalilin haka ba sai an koma ga rayuwar mutumin da ya kafa ta, domin tarihinsa da nata a sarƙe suke.

2.0 Asalinsa da Neman Iliminsa

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, kuma ya fito daga zuriyar Genawa, Fulanin da suka shahara da ilimin shari'a a Kano. Ke nan Aminu ya tashi a gidan malamai, kusa da fada, yana ganin yadda ake tafiyar da shari'a da mulki tun yana ƙarami. Wannan asali ya yi masa rana daga baya, domin duk sukar da ya yi wa mulkin En'e ya gina ta ne a kan hujjojin addini da koyarwar shugabannin jihadin ƙarni na 19, abin da ya sa ya yi wuya abokan hamayyarsa su nuna shi a matsayin baƙon da bai san al'ada ba.

Bayan karatun allo, ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci a 1930, sannan Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna inda ya kammala a 1942. Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana amfani da raha wajen tona asirin zalunci da ha'inci a kasuwa da kotu. Wannan dabara ta isar da saƙo mai nauyi cikin harshe mai sauƙi ita ce ta zama makaminsa a fagen siyasa har ƙarshen rayuwarsa.

Aikinsa na farko shi ne koyarwa a Midil ta Bauci. A can ya zauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya fi kowa tasiri a tunaninsa na siyasa. Tare suka raya dandalin muhawara na Bauci, inda matasa 'yan boko suke tattauna al'amuran mulki a gaban jami'an Turawa da na En'e. A 1946 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Bayan ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma tura shi ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya koma Kano domin ya shiga siyasa gadan-gadan.

3.0 Shekarun NEPU: Adawa Ba Mulki

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Daga cikin mutum takwas da suka aza harsashinta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Aminu yana Maru a lokacin, amma da ya dawo sai ya zama ƙashin bayanta, aka zaɓe shi shugabanta a 1953. Hausawa sun san ta da Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta kuwa tauraro. Aƙidarta ta ginu ne kan raba al'umma gida biyu, masu sarauta da talakawa, kuma buƙatunta a bayyane suke: a gyara kotunan alƙalai, a hana aikin tilas, a sauƙaƙa haraji da jangali, a mayar da En'e hukumar da jama'a ke zaɓa, a kuma ba mata ilimi da 'yancin jefa ƙuri'a.

Magoya bayanta mafi yawa ƙananan 'yan kasuwa ne da teloli da mahauta da maƙera da malaman zaure da almajiransu. Hanyar isa gare su ita ce Hausa. Lacca a dandali da waƙa su ne jaridun talaka, shi ya sa marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja suka samu babban matsayi a jam'iyyar. Wani kaso mai tsoka na rubutattun waƙoƙin siyasa da ake nazari a sassan Hausa na jami'o'i a yau ya samo asali ne daga gwagwarmayar wannan zamani tsakanin NEPU da NPC.

Sai dai farin jini bai zama kujera ba. A zaɓen 1951 an yi amfani da tsarin zaɓe hawa-hawa, kuma hukumomin En'e suna da ikon cusa nasu mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisar Kaduna ba. Shi kansa Malam ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC, a zaɓen tarayya na 1954, sannan a hannun Ahmadu Ɗantata a zaɓen yanki na 1956. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Legas, ya kuma rasa ta a 1964. Ko wannan nasara ma ta zo da sarƙaƙiya, domin NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuwa NCNC ta haɗa gwamnatin tarayya da NPC. Sai ga Malam yana zaune a ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a Arewa ana ɗaure mutanensa.

Ɗaurin kuwa ba kaɗan ba ne. Kotuna da gidajen yari da 'yan doka duk suna hannun En'e, saboda haka laifi kaɗan, kamar yin taro ba izini ko ambaton sunan basarake a dandali, ya isa ya kai ɗan NEPU kurkuku ko ya jawo masa bulala. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar, ta shiga gidan yari sau da yawa. Wannan wahala ta haifar da wani irin zumunci tsakanin 'yan jam'iyya, wanda ya sa suke ganin kansu a matsayin 'yan aƙida da suka sha bamban da masu neman muƙami. Amma lissafin ƙuri'u bai taɓa goyon bayansu ba. Yankin Arewa faffaɗa ne, NPC ta riƙe karkara ta hannun hakimai da dagatai, ƙarfin NEPU kuwa ya taru ne a birane da garuruwan kasuwanci, musamman a Lardin Kano. Muddin Kaduna ce cibiyar mulki, Kano lardi ɗaya ce kawai cikin larduna da dama.

4.0 Ƙirƙiro Jihar Kano

A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus bayan binciken da gwamnatin yanki ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano. Kanawa da yawa, har da waɗanda ba su taɓa son NEPU ba, sun ɗauki abin a matsayin cin fuska daga Kaduna. Magoya bayan sarkin suka kafa jam'iyyar KPP, wadda ba ta da wani buri da ya wuce Kano, ta kuma shiga ƙawance da NEPU gabanin zaɓen 1964. A karon farko ra'ayin talakawa ya haɗu da kishin Kano a inuwa guda, kiraye-kirayen a ba Kano jiharta kuma suka ƙara ƙarfi.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya kawo ƙarshen jam'iyyu duka. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Kano ta zama jiha, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Malam ya shiga gwamnatin Gowon a matsayin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A cikin waɗannan shekaru gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa rage ikon sarakuna. Matan Arewa ma suka samu 'yancin zaɓe. Wato sojoji sun aiwatar da wani babban sashe na abin da NEPU ta yi shekara 15 tana nema. Muhimmin abu ga makomar jam'iyyar Malam shi ne, mazaɓar da ya fi ƙarfi a cikinta ta zama gwamnati mai gwamna da majalisa da baitulmalinta.

5.0 Jam'iyyar PRP

5.1 Kafuwarta da Zaɓen 1979

Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumba 1978, Malam ya fara zama da ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN, amma bai daɗe ba ya fice, domin ya ga tsofaffin abokan hamayyarsa ne suka riƙe ragamarta. A Oktoba 1978 aka ƙaddamar da PRP, da mabuɗi a matsayin alama. Ta tattaro rukuni uku: tsofaffin 'yan NEPU da suka sha ɗauri, matasa 'yan boko da malaman jami'a masu ra'ayin gurguzu, da 'yan ƙwadago da 'yan gwagwarmaya daga Kudu irin su Michael Imoudu da S. G. Ikoku. Ikoku ne ya zama sakataren jam'iyya kuma mataimakin Malam a takarar shugaban ƙasa.

FEDECO ta so ta hana Malam takara bisa batun takardun haraji, amma kotu ta wanke shi. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, ya samu kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa, amma a Jihar Kano ya samu kusan kashi 76. PRP ta ci kujeru 7 cikin 95 na Majalisar Dattawa da 49 cikin 449 na Majalisar Wakilai, dukkansu daga Kano da Kaduna. Ta kuma ci gwamnoni biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna.

Ƙarfin jam'iyyar a Kano ya kusa hana ƙasar samun shugaba a zagayen farko. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano, wadda ita ce ta 13, ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa, Richard Akinjide, ya kafa hujja da cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ake buƙata a Kano rubu'i ne na kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. Kotun Ƙoli ta amince da haka ranar 26 ga Satumba, 1979. Shari'ar zaɓe mafi shahara a tarihin Nijeriya ta taso ne daga riƙon da PRP ta yi wa jiha ɗaya.

5.2 Jam'iyya a Kan Mulki

Matakin farko da gwamnonin biyu suka ɗauka shi ne soke haraji da jangali, abin da talakan Arewa ya daɗe yana kuka da shi tun zamanin Turawa. A Kano, inda PRP take da gagarumin rinjaye a majalisa, gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha, ta kuma ayyana ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A Kaduna lamarin ya sha bamban. NPN ce ke da rinjaye a majalisa, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin Balarabe Musa, daga bisani ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Bambancin jihohin biyu ya nuna cewa a Kaduna kujerar gwamna kawai PRP ta ci, a Kano kuwa jihar ta ci baki ɗaya.

5.3 Santsi da Taɓo

Ba a cika shekara a kan mulki ba ɓaraka ta kunno kai. Rimi da Balarabe Musa sun riƙa halartar taron gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP, da nufin haɗa ƙarfi a ƙalubalanci NPN. Uwar jam'iyya ta hana, domin Malam da na kusa da shi suna ganin wannan ƙawance zai mayar da PRP 'yar amshin shatan Obafemi Awolowo. Gwamnonin suka ƙi bin umarni, aka kore su a 1980. Su kuma suka ja nasu ɓangare ƙarƙashin Imoudu, suna zargin shugabannin jam'iyya da sassauta wa NPN. FEDECO ta amince da ɓangaren Malam a matsayin halattacciyar PRP. A bakin Kanawa, masu bin gwamna suka zama 'yan Santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam kuma 'yan Taɓo. Sunayen biyu sun fito ne daga hoton ƙasa bayan ruwan sama: wani santsi ya kwashe shi, wani kuma ya kafe a taɓo bai motsa ba.

Bayan batun ƙawance, akwai tambayar da ta fi zurfi: wa ke da jam'iyya, jagoran da ya gina ta ko gwamnan da ke riƙe da baitulmali? Shekara 30 ikon Malam ya dogara ne ga kwarjini da sadaukarwa, domin ba shi da muƙami ko kwangilar da zai raba. Yanzu ga gwamna matashi mai fasahar magana, wanda ke da ayyuka da kuɗi da gidan rediyo. Tsofaffin 'yan NEPU suna ganin waɗanda ba su sha bulala ba sun zo sun girbe abin da ba su shuka ba. Matasan kuwa suna ganin dattawan sun gaji, sun fara neman sulhu da tsarin da suka yi rayuwarsu suna yaƙa.

Dangantaka da masarauta ta ƙara dagula al'amura. A 1981 gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu, daga ciki har da Gaya da Rano da Ƙaraye, ta kuma aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli, 1981, tarzoma ta ɓarke a birni, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Jam'iyyar da aka kafa domin ceton talaka ta wayi gari 'ya'yanta suna gaba da juna a unguwanni da kasuwanni, har a cikin gida ɗaya.

6.0 Rasuwarsa

Malam ya ci gaba da zama a gidansa na Gwammaja, gida mai sauƙi da ƙofarsa ke buɗe ga kowa, inda yakan yi tafsirin Alƙur'ani a watan azumi. Yana shirin sake tsayawa takara, har ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. An binne shi a cikin gidan nasa. Bai bar dukiya ba, kuma wannan ne abin da masoya da masu hamayya suka fi tunawa da shi.

Makonni kaɗan bayan haka Rimi ya sauka daga mulki domin ya yi takara a NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen Agusta 1983 ɗan takarar PRP, Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi, ya kuma rushe sababbin masarautun. Kano ce kaɗai jihar da jam'iyyar ta ci a wannan karo. Wata uku kacal gwamnatin ta yi kafin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, ya share jam'iyyu duka.

7.0 Matsayin Jam'iyyar a Tarihi

An farfaɗo da sunan PRP a Jamhuriya ta Huɗu ƙarƙashin Balarabe Musa, amma ba ta sake kafa gwamnati a wata jiha ba. Gadonta ya rayu ne a cikin halayyar siyasar Kano. Sunayen Santsi da Taɓo sun bi 'yan siyasa zuwa cikin SDP, kuma rikicinsu ya taimaka wa Kabiru Gaya na NRC ya ci gwamna a 1991. A 1993 Kanawa sun fifita Abiola a kan ɗan jiharsu Bashir Tofa, a 2003 kuma suka kayar da gwamna mai ci. A 2023 jam'iyyar NNPP ta ci kujerar gwamna a Kano kaɗai cikin jihohi 36, kuma jar hular magoya bayanta koyi ce da shigar Malam. Kusan kowane ɓangare a siyasar jihar yana da'awar shi ne magajinsa, ko da aƙidunsu sun yi hannun riga. Filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano suna ɗauke da sunansa, gidansa kuma, wanda aka sani da Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero.

8.0 Kammalawa

Rayuwar Malam Aminu Kano ta nuna cewa jam'iyya tana iya gaza cin ƙasa amma ta sauya ta. NEPU ba ta taɓa mulki ba, amma buƙatunta sun zama doka a hannun wasu. PRP ta yi mulkin Kano shekara huɗu da wata uku, ta soke harajin da ya addabi talaka, sannan ta dare gida biyu saboda ba ta tanadi hanyar daidaita ikon jagora da na gwamna ba. Abin da ya rage ga manazarta Hausa shi ne taskar waƙoƙi da laccoci da kalmomin da wannan gwagwarmaya ta haifar. An yi aiki mai yawa a kan waƙoƙin zamanin NEPU da NPC, amma na zamanin Santsi da Taɓo, waɗanda yawancinsu ke kan tsofaffin kasakasai a hannun ɗaiɗaikun mutane, suna buƙatar a tattara su a adana kafin su salwanta.